Sassan Jikin Harafi da Kalmomin Masu Tsara Rubutu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu koyon tsara shafi, masu zanen tambari da masu shirya littafi don bugawa. Yawancin kalmomin wannan sana'a an haife su ne a maɗaba'un Turai, zamanin da harafi ɗan guntun ƙarfe ne da ake ɗauka da yatsu. Inda sunan gaɓar jiki ne, kamar kunne ko kafaɗa, na kawo shi da Hausa kai tsaye. Inda babu, na zaɓi kalmar da ta fi kama da siffar abin, na kuma riƙe ta har ƙarshe.

Ina amfanin sanin sunayen sassan harafi, tunda ina karatu da rubutu ba tare da su ba?

Mai karatu kawai ba ya bukatarsu. Mai zaɓar harafin da wasu za su karanta, shi kam yana bukata. Sau nawa ka dubi shafi ka ji wani abu bai zauna ba, amma ka rasa bakin faɗa? Kamar mara lafiya ne da ya je gaban likita ya ce "jikina ne babu daɗi," ya yi shiru. Wanda ya san sunaye zai ce kogon e ya yi ƙanƙanta har yana toshewa, ko saiwar g tana taɓa wuyan harafin da ke layin ƙasa. Da an faɗi haka, gyara ya zo kusa. Akwai kuma abin da ya fi wannan: duk sashen da ka san sunansa, idonka zai fara ganinsa a ko'ina.

A kan waɗanne layuka harafi yake tsayawa?

Layuka ne da ba a gani, amma kowane harafi yana yi musu biyayya. Na farko shi ne layin zama, inda gindin haruffa yake sauka. Sama da shi akwai layin da ƙananan haruffa irin su a, e, n, o, u suke tsayawa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ake kira tsayin x, saboda ƙaramin x shimfiɗaɗɗe ne sama da ƙasa, ya fi sauƙin aunawa.

Wasu haruffan suna wuce wannan iyaka. Abin da ya miƙe sama a b, d, f, h, k, l, shi nake kira wuya. Abin da ya nutsa ƙarƙashin layin zama a g, j, y, shi ne saiwa. Sai kuma tsayin manyan haruffa, wanda mutane da yawa suke zaton daidai yake da tsayin wuya. A salo da yawa, musamman na littattafai, wuyan l ko h ya ɗan ɗara babban H tsayi. Rubuta "Hl" ka ƙara masa girma a allon kwamfuta, ka gani da idonka.

Na sa salo biyu a girma 12, amma ɗaya ya fito babba, ɗaya ƙarami. Kwamfutar ce ta yi kuskure?

Ba ta yi ba. Lambar 12 ba tsayin harafin da kake gani take aunawa ba.

A zamanin ƙarfe, ana zuba kowane harafi a saman ɗan tubali na dalma da aka haɗa da kuza da antimoni. Tsayin fuskar wannan tubalin ake aunawa, kuma dole ya ɗauke wuya mafi tsawo da saiwa mafi zurfi, har da ɗan sarari. Ma'aunin shi ne foyin. A kwamfuta a yau, foyin 72 ne inci guda, wato foyin 12 ya ɗan wuce milimita 4. Tubalin ya tafi, amma akwatin da ba a gani ya rage, kuma mai zanen harafi ne yake yanke yadda zai cika shi. Wani ya ba wa jikin harafi kaso mai yawa ya gajarta wuya da saiwa, wani ya yi akasin haka. Shi ya sa Verdana, wanda Matthew Carter ya zana wa Microsoft aka fitar a 1996 don karatu a allo, yake cika ido a girma 10, alhali Garamond a wannan girman sai an ƙura masa ido. Bambancin yana cikin tsayin x.

Don haka kar ka taɓa yarda da lamba kaɗai. Buga shafi guda a takarda, ka riƙe shi a nisan da mai karatu zai riƙe.

To su gaɓoɓin harafin fa, mene ne sunayensu?

Babban zanen da ya tsaya tsaye, wanda harafi ya jingina a kansa, shi ne ginshiƙi: guda ɗaya a l, biyu a H. Zagayen da ya manne da ginshiƙi a b, d, B, shi ne tumbi. Farin filin da tumbin ya rufe, kogo ke nan. A c, e, s da a, kogon bai rufe duka ba, ya bar ƙofa. Sandar da ta gitta a H, A, e, t, f, gilma ce. Lanƙwasar da ta fito daga ginshiƙi ta sauko a n, m, h, kafaɗa. Zanen da ya miƙe ba tare da ya taɓa komai a ƙarshensa ba, idan gefe ko sama ya nufa hannu ne, kamar a E da T. Idan ƙasa ya nufa ƙafa ce, kamar a K da R. Murɗaɗɗen tsakiyar s gadon baya ne. Q yana da jela. Sai ɗigon i da j.

Ƙaramin g ya fi kowa kaya. Akwai mai hawa ɗaya, wanda muka saba rubutawa da hannu. Akwai mai hawa biyu, na littattafai: tumbi a sama, madauki a ƙasa, siririn mahaɗi a tsakani, da ɗan kunne da ya leƙo ta dama. Ƙaramin a ma haka yake, mai hawa ɗaya da mai hawa biyu. Idan kana son gane wani salo da sauri, fara da g, a, R da Q, don a nan mai zane yake barin sawunsa.

A cikin duk waɗannan, kogo da ƙofa nake so ka fi kula da su. Sabon shiga baƙin zane yake kallo, gwani kuwa farin da ke ciki yake kallo. Idan ƙofar c ta kusa rufewa, a ƙaramin girma ko daga nesa sai ya koma o, lambar 3 ta yi kama da 8, 6 ma haka. Salon da za a sa a takardar magani ko allon hanya, ƙofarsa ta zama a buɗe sosai.

Na lura O ya ɗan wuce layi sama da ƙasa. Ba aibi ba ne?

Da gangan aka yi, kuma a nan ne sirrin sana'ar yake.

Lokacin da na fara zanen tambari, na taɓa zana kalma mai H da O a jere. Na ja layi biyu, na tsayar da kowane harafi a tsakaninsu daidai wa daida, babu wanda ya wuce ko da gashi guda. Da na ja baya na duba, sai ga O ya tsuke kamar ƙanen sauran, yana lilo a tsakiya. Na sake aunawa, ma'auni ya ce daidai ne. Idona kuma ya ƙi yarda. Dalili shi ne H yana taɓa layi da faffaɗan gindi, O kuwa wuri ɗaya tak yake taɓawa, sauran jikinsa duk ya kauce. Sai an bar shi ya ɗan tsallake layin, yawanci da kashi biyu ko uku cikin ɗari na tsayinsa, sannan ido zai ga sun yi kai ɗaya. Haka ake yi wa tsinin A a sama, da na V a ƙasa.

Wannan gyara na ido ya ratsa ko'ina a jikin harafi. Zanen kwance yana bayyana ya fi na tsaye kauri ko da kaurinsu ɗaya, don haka ake sirantar da gilmar H. Ita gilmar ana ɗaga ta kaɗan sama da tsakiya, in ba haka ba sai a ga kamar ta zame. Juya S ko B ko 8 ƙasa a sama, za ka ga rabin sama ya fi na ƙasa ƙanƙanta, abin da ba ka taɓa lura da shi ba a tsaye. Ko Futura, wanda Paul Renner ya fitar a Jamus a 1927, da ake ganin kamar da kamfas da rula kawai aka zana shi, O ɗinsa ba cikakkiyar da'ira ba ce, kuma an rage kaurin tumbi a inda ya haɗu da ginshiƙi don kar wurin ya dunƙule ya yi baƙi. Carter ya kai abin maƙura a Bell Centennial na 1978, wanda aka yi don littafin lambobin waya: ya yanke 'yan ramuka a kusurwoyin haruffa, saboda ya san tawada za ta malala a kan takarda mai arha ta cike su, harafin ya fito daidai bayan bugu.

Mene ne serif, kuma daga ina ya fito?

Serif su ne 'yan ƙananan zanen da ke ƙarshen ginshiƙi da hannu, kamar dunduniya a ƙasan harafi. Times New Roman, wanda aka yi wa jaridar The Times ta Landan a 1932, yana da su. Arial ba shi da su.

Asalinsu rubutun da Rumawa suka sassaƙa a dutse. Misalin da masu zane suke komawa gare shi har yau shi ne rubutun gindin Ginshiƙin Tarajan a birnin Rum, na shekara ta 113 Miladiyya. Wani malamin coci Ba'amurke, Edward Catich, wanda kuma gwanin rubutu da buroshi ne, ya kawo hujja cewa da faffaɗan buroshi ake fara zana haruffan a jikin dutsen kafin mai sassaƙa ya bi sawu, kuma serif ɗin alamar inda buroshi ya sauka ne da inda ya tashi.

Marasa serif sun makara a maɗaba'a. Na farko ya fito a Ingila a 1816 daga William Caslon na huɗu, manyan haruffa zalla. Mutanen lokacin sun ga abin wani iri, shi ya sa har yau ake kiran wannan dangi da sunan Grotesk, wanda ke nufin mummuna ko baƙon siffa, kamar a Akzidenz-Grotesk na Balin, 1898. Helvetica na Max Miedinger, Suwizalan, 1957, a wannan zuriya yake.

Wanne ya fi sauƙin karantawa, mai serif ko maras shi?

Gardama ce tsohuwa, kuma ni ban ɗauke ta da nauyin da ake ba ta ba. Tsayin x, buɗewar ƙofa, tazara da tsawon layi sun fi serif tasiri nesa ba kusa ba. Gwaji ɗaya nake ba da shawara: rubuta babban I, ƙaramin l da lambar 1 a jere. Idan ba ka iya bambance su, kar ka sa wannan salon a inda ake rubuta lambobin sirri ko na asusu.

Me ya sa muke da manyan haruffa da ƙanana?

Dangi biyu ne da aka aurar. Manyan daga dutsen Rumawa suka zo. Ƙananan daga alƙalamin marubuta suka zo, musamman rubutun da aka daidaita a daular Sharlaman a ƙarshen ƙarni na 8. Malaman Italiya na ƙarni na 15 suka tarar da shi a tsofaffin littattafai, suka zaci na Rumawan dā ne, suka haɗa shi da manyan haruffan dutse. Gutenberg, wanda ya fara bugu da haruffan ƙarfe a Turai, a Mainz wajen 1455, da baƙin rubutun Jamus mai cunkoso ya yi bugunsa. Nicolas Jenson ne a Venis, 1470, ya zuba wannan haɗin na Italiya a ƙarfe da kyawun da har yau ake koyi da shi.

A Turance ana ce musu haruffan akwatin sama da na akwatin ƙasa. Mai jera haruffa yana da faranti biyu na katako masu gida-gida a gabansa. Ƙananan, da yake su ya fi ɗauka, suna na ƙasa kusa da hannu, manyan suna na sama.

Me ya sa wasu zanen suke da kauri, wasu sirara, a harafi guda?

Gadon alƙalami mai faffaɗan baki ne. Riƙe shi a karkace, kamar digiri 30, ka zana o ba tare da ka juya shi ba. Gefe biyu za su yi kauri, wuri biyu su sirance, ɗaya a sama ta hagu, ɗaya a ƙasa ta dama. Layin da ya ratsa wuraren biyu shi ne kusurwar nauyin harafin. A Jenson da Garamond a jingine take, kamar yadda hannu ya bar ta. John Baskerville, a Birmingham ta Ingila, 1757, ya miƙar da ita kusan tsaye, ya ƙara bambanci tsakanin kauri da siranta. Bodoni a Italiya da iyalin Didot a Faransa suka ƙarasa: kusurwa a tsaye cak, siririn zane kamar gashi. Irin wannan yana da kwarjini a babban kanu, amma a ƙaramin girma gashin yakan ɓace ya bar ginshiƙai tsaye kamar shinge.

Italik da karkataccen harafi ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Italik na gaskiya zane ne daban, daga rubutun hannu mai gudu aka ɗauko shi. Francesco Griffo ya sassaƙa na farko wa mai maɗaba'a Aldus Manutius a Venis, aka buga ƙananan littattafai da shi a 1501, kuma manyan haruffansa a tsaye suke. A italik, a yakan koma hawa ɗaya, f ya fitar da saiwa, haruffa su ɗan matse. Karkatacce kuwa harafin tsaye ne aka tura gefe. Idan mai zane ne ya yi shi da kulawa, babu laifi. Matsala ita ce idan salon ba shi da italik ko mai kauri nasa, ka danna maɓalli, manhaja ta ƙirƙiro na jabu: ta murɗe tumbi, ta kumbura zane har kogo ya toshe.

Salon harafi da font fa?

Salo shi ne zanen kansa, kamar Garamond. Font shi ne abin da ake aiki da shi: a dā cikakken jerin ƙarafa na girma ɗaya da kauri ɗaya, yau fayil a kwamfuta. A hira ana haɗa su, kuma babu wanda zai rasa gane ka.

Ina jin kernin da ledin. Me suke nufi?

Tazara iri uku ce. Kernin gyaran tazara ne tsakanin haruffa biyu takamaimai. Rubuta "Ta" ko "Wa" ko "AY": idan kowane harafi ya tsaya a akwatinsa, rami zai buɗe a ƙarƙashin hannun T. Sai an tura a ya shiga inuwarsa. Ba nisa iri ɗaya ake nema ba, yawan farin da ido ke gani ake so ya zo ɗaya. Ginshiƙi biyu a jere suna son sarari mai yawa, zagaye biyu kaɗan.

Ta biyu ita ce buɗa ko matse kalma ko layi gaba ɗaya. Manyan haruffa zalla suna son a ɗan buɗa su. Ƙanana a cikin dogon rubutu, ka bar su yadda mai zane ya tsara.

Ledin tazarar layi da layi ce, daga layin zama zuwa layin zama. Sunan daga kalmar dalma ya fito a Turance, domin siraran sandunan dalma ake cusawa tsakanin layuka. Manhajoji da yawa suna farawa da kashi 120 cikin ɗari na girman harafi. Salo mai dogon tsayin x yana son ƙari, dogon layi ma haka. Shi kuwa tsawon layi, abin da aka saba bi shi ne haruffa 45 zuwa 75. In ya wuce haka ido yakan ɓata hanyar dawowa farkon layi na gaba.

Me ya sa f da i suke mannewa a wasu littattafai?

Kan f yana leƙawa dama, yana karo da ɗigon i. A ƙarfe karon na gaske ne, har ya kan karye. Sai aka zuba su a tubali guda, haɗaɗɗen harafi. Gutenberg ya yi amfani da siffofi kusan 290 a bugunsa, da yawansu irin waɗannan haɗe-haɗe ne da gajerce-gajerce, don ya kwaikwayi hannun marubuta. Alamar & ma haɗi ce: e da t na kalmar Latin et, wato "da."

Waɗannan sunaye suna aiki a rubutun Larabci?

Kaɗan daga ciki. Layin zama yana nan, amma babu manya da ƙanana, babu tsayin x guda ɗaya, kuma harafi yana iya ɗaukar siffa har huɗu gwargwadon matsayinsa a kalma. Wannan rubutu yana da nasa ma'aunin tun da daɗewa. Ana danganta shi ga Ibn Muƙla, waziri a Bagadaza wanda ya rasu a 940: ɗigon da bakin alƙalami ya bari shi ne awo, ana auna tsayin alif da adadin ɗigo, sannan a zana da'irar da faɗinta tsayin alif ne, a auna sauran haruffa da ita. Kuma da yake haruffan a sarƙe suke, ba a buɗa su da sarari. Mahaɗinsu ake ja ya tsawaita. Wanda ya sa wa rubutun Larabci tazarar haruffan boko, yanka kalmar yake yi gunduwa-gunduwa.

Me ya sa ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suke fitowa daban da sauran haruffa a shafina?

Saboda font ɗin da ka zaɓa ba shi da su. Kowannensu yana da lambarsa a tsarin Unicode, amma lamba daban, zane daban. Idan manhaja ta nemi zanen ta rasa, sai ta aro daga wani font ɗin ba tare da ta gaya maka ba, ko ta ajiye ɗan akwati fanko. Na taɓa karɓar ɗan littafi daga maɗaba'a, na buɗe shafin farko, sai ga kowane ƙ ya fi maƙwabtansa siranta da tsawo, maras serif a tsakiyar masu serif. Shafi ɗaya yana da irinsu fiye da a ƙirga, ido yana tuntuɓe a kowane layi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don marubucin ya yi aikinsa tsakani da Allah. Cire ƙugiyar kuma ba magani ba ne, tunda kafa daban ƙafa daban, baki daban baƙi daban.

Ko font yana da su, duba yadda aka zana ƙugiyar. Ta kirki tana fita daga wuya a hankali, kaurinta da ƙarshenta suna kama da kan f na wannan salon, ba kamar an liƙa ta daga baya ba. A ɓ tana rusunawa a kan tumbi, don haka ana bukatar isasshen fari a tsakaninsu. A ɗ tana leƙawa waje ta dama, inda za ta iya karo da ɗigon i, sai an yi mata kernin. A manyan Ɓ da Ɗ kuwa ta hagu take fitowa. Gentium, Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da dangin Noto na Google, duk suna ɗauke da su. Kafin ka amince da kowane font, rubuta "Ɗan ƙauye ya ɓoye ɗinki, Ƙasimu da Ɓaidu suna kallo" a tsaye, a italik, da mai kauri, domin sau da yawa na tsayen yana da haruffan, italik ɗin kuma babu.